Injin Walda da Masabar Surukina

Akori-kurar da nake da ita ta girmi babbar ɗiyata. Injinta lafiya lau, amma tsatsa ta cinye bayanta, har ta kai in ka zuba gyaɗa a Tsaskiya, kafin ka isa Safana ka yi wa kajin hanya sadakar kwano biyu. A shekarar da nake ba da labari gero ya yi kyau a gonata ta wajen Runka, kuma kowa ya san yadda wajen ya koma saboda 'yan bindiga. Ba a girbe hatsi a bar shi yana jira a gona. In ka ɗaure dammunanka sai ka kwashe su a ranar, in ba haka ba wasu su kwashe maka ko su cinna musu wuta. Saura mako uku a fara girbi, ni kuwa ba ni da abin ɗauka.

Masu walda na Batsari aiki ya yi musu yawa, kowa da layin amalanke da garmar shanu a ƙofar shagonsa. Ina saurayi na taɓa zama wata shida wajen wani mai walda, hannuna bai manta duka ba. Sai na yanke shawarar in sayar da bijimi ɗaya, in sayi injin walda da injin gurzar ƙarfe, in yi wa motar sabon bodi a ƙofar gida. Janareta ina da shi, matsakaici, wanda ake ara wajen biki da wa'azi.

Na gaya wa mai ɗakina, ita kuma ta gaya wa mahaifinta. Surukina maƙeri ne tun kaka da kakanni, ya tsufa amma damtsensa bai tsufa ba. Ranar da zan tafi Batsari, ina fitowa na tarar da shi zaune a gaban mota, ya ɗora masabarsa a cinya, wato gudumar da yake dukan ƙarfe da ita. Na cire takalmi na durƙusa, muka gaisa tun daga gajiya har zuwa lafiyar awaki. Da muka gama ya ce ya ji zan sayi kayan ƙarfe, kuma ba zai zauna a gida a cuci mijin ɗiyarsa ba.

A wajenmu suruki ba a yi masa musu. In ya ce rana daga yamma ta fito yau, sai ka sunkuyar da kai ka ce haka ne, Baba. Na koma ciki na kinkimo janareta na ɗaure a baya. Ya tambaye ni na mene ne, na ce mai zan sa masa.

Mai shagon a Batsari ya fito mana da inji biyu. Ɗaya ƙato ne, naɗin gida, sai mutum biyu sun kama shi. Ɗayan ɗan ƙarami ne mai igiyar rataya, bai fi akwatin rediyo ba. A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, don haka na tsuguna na bi lambobin da ke jikinsu da yatsa a hankali, na gwada da na jikin janaretana. Ƙaton ya fi ƙarfin janaretan nesa ba kusa ba. Garinmu kuwa ko turken lantarki babu.

Baba bai dubi lamba ba. Shi yadda yake zaɓen ƙarfe tun yana yaro shi ne ya ɗaga ya ji nauyi, kamar yadda ake ɗaga rago a kasuwa. Ya ɗauki ƙaramin da yatsa biyu, ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya ce wannan iska ce aka zuba a gwangwani. Ya je ga ƙaton, ya yi nishi bai motsa shi ba, fuskarsa ta washe. Ya ce a ɗora mana wannan.

Mai shagon ya dube ni, na dubi ƙasa. Ina ganin gerona yana tafiya a bayan baburan wasu, amma bakina ba zai iya cewa a'a ba. Can na ce, "Baba, haka ne. Sai dai ni ban san ƙarfe ba, kuma 'yan kasuwa sai a hankali. Ko a haɗa mana ƙarfe da shi, ka gwada da masabarka? Tunda ga janareta a mota, kada mu sha wa Alhaji mai shago wutarsa."

Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai. Aka jona ƙaton a janaretana. Mai shagon na taɓa sandar walda a ƙarfe, janareta ya yi tari irin na tsohon jaki, ya yi kamar zai mutu, ya farfaɗo. Da ƙyar aka ɗiga wani abu mai kama da kashin awaki a tsakanin ƙarafan biyu. Baba ya ɗaga masaba, duka ɗaya suka rabu. Ya ɗauki ƙarafan yana jujjuya su. Na ce wataƙila sandar ce ta yi sanyi, a sake. Aka sake, suka sake rabuwa.

Sai na ce tunda mun zo, bari a gwada gwangwanin nan ma, don Baba ya kunyata mai shago. Aka jona shi, janareta ya ɗauka ba gardama, walda ta kwanta sumul. Baba ya doka. Ya sake dokawa. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora ƙarfen a kan dutse ya yi ta jibga, har masu shagunan kusa suka taru. Ƙarfen ya lanƙwashe kamar lauje, amma inda aka haɗa bai ko tsage ba. Ya share gumi, ya ce da ma shi tun farko ya ga alamar kirki a jikin ƙaramin, so yake ya ga ko ina da ido. Na ce haka ne, Baba.

Da aka zo injin gurza na san ba zan ci nasara sau biyu a rana ɗaya ba. Akwai ɗan madaidaici da raina ke so, amma Baba ya riga ya rungumi babban, mai faifai kamar murfin tukunya. Na duba lambarsa, janareta zai ja shi in ba a haɗa shi da walda lokaci ɗaya ba. Na ƙyale shi ya ci wannan.

Rana ta farko da na yi aiki da shi, na kasa kai lomar tuwo baki saboda ciwon kafaɗa. Na lissafa ƙarafan da suka rage a yanka da waɗanda za a goge, na ga in ni kaɗai ne girbi zai wuce ban gama ba. Baba kuwa kullum yana zuwa da hantsi, ya zauna a gindin dalbejiya yana kallo. Washegari da na hango shi tafe, sai na riƙe injin a karkace, na bar shi yana fizgata, tartsatsi na watsuwa wajen kaji, yankan na tafiya kamar sawun maciji. Ya daure na ɗan lokaci, sannan ya miƙe.

"Kai, ba haka ake riƙe ƙarfe ba. Kawo nan ka gani."

Na miƙa masa da hannu biyu, haɗe da tabarau. Ya yanka ɗaya tsaf. Na ce ban gane yadda ya ajiye ƙafarsa ba, ya ƙara nuna mini. Haka muka yi kwana goma sha ɗaya yana nuna mini, ni ina can gefe ina walda, muna karɓa-karɓa da janareta. Mai ɗakina ta gane tun rana ta biyu. Ta ce in ji tsoron Allah, amma ta ƙara yawan furar da take aiko masa.

Muka gama bodi ana gobe za a fara ɗaure gero. Sawu huɗu muka yi daga Runka a rana ɗaya, Baba na gaba, duk ramin da muka faɗa sai ya karkata kunne baya. A sawu na ƙarshe, rana ta fara yin sanyi kuma hanya ta fara ɗaukewa, muka ji ƙas. Ƙarfen gefe ɗaya ya ɓalle, dammuna suka karkata. Wurin da na yi waldarsa cikin gaggawa ne, na sani sarai. A wannan hanya ba a tsayawa dogon gyara a irin wannan lokaci. Baba ya sauka, ya kwance rawaninsa, muka ɗaure ƙarfen da shi tam, ya hau saman kaya ya zauna a kan dammunan don kada su zame.

Muka shigo gari kafin kiran magariba, ko zangarniya ɗaya ba ta faɗi ba. Yana saukowa, kansa ba rawani, ƙaiƙayi har a gemu, ya dubi ƙarfen da ya ɓalle, ya ce da mun ɗauki ƙaton injin nan da haka ba ta faru ba. Na sunkuyar da kai na amsa masa, sannan na je na buɗe rumbu.