Gwaggo Tela, Mai Barin Rara a Cikin Ɗinki

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko gaisuwa a cikin taro sai na haɗa gumi. Amma a makon nan Gwaggo Tela ta rufe shagonta, idonta ya daina ganin kafar allura, na ga idan ban faɗi abin da na sani ba, shiru za a yi.

Ba gwaggon kowa ba ce a layinmu, amma haka kowa ke kiranta. Shagonta ɗan ɗaki ne tsakanin mai gyaran waya da mai wankin kai: baƙin keken ɗinki, benci, madubi mai tsaga a kusurwa, sai labulen da ake shiga bayansa a yi awo. Kullum da safe takan share ƙyallaye, ta ɗiga wa keken mai, ta rataya tef ɗin awo a wuya, sannan ta zauna.

Tana da ɗabi'u biyu da mata ke yi mata tsiya a kansu. Ba ta yanke rarar yadi, sai ta naɗe ta a cikin ɗinki. "Gwaggo, wannan yadin da kike ɓoyewa gado za ki bar mana?" Sai ta ce, "Jiki ba ya shawara da ke, 'yar nan. Yau ya tafi, gobe ya dawo." Ta biyu, idan tana awon ƙirji ba da yatsa take danne tef ba, da tafin hannu take dafe shi.

Yayata, bayan haihuwarta ta biyu, jikinta bai koma ba. Duk inda ta shiga sai wata ta ce, "Ke kuma wani cikin ne?" Takan yi dariya tare da su, ta dawo gida ta daɗe a gaban madubi. Sai ta sayi wani shayin rage ƙiba a koren kwali, wanda ta ga tallarsa a waya. An ce ganye ne zalla. Kuma ya yi aiki. Ta daina jin yunwa, ta daina barci, kofi na rawa a hannunta, mutane suna ta cewa ta yi kyau.

Ni na raka ta shagon Gwaggo da jakar kaya a rage mata. Ina kan benci na ji muryar Gwaggo a bayan labule.

"Gudu kika yi?"

"A mota muka zo, Gwaggo."

"To me ya sa ƙirjinki ke bugawa kamar keken nan idan ina sauri? Me kike sha?"

"Kai Gwaggo! Yau kuma likita kika zama?"

"Ni tela ce. Shi ya sa nake cewa mu je wajen likita. Yanzun nan sai in rufe shago in raka ki."

"Ganye ne fa kawai."

"Na ji. Taba ma ganye ce."

Yaya ta yi dariya, ta yi alkawarin za ta je idan kwalin ya ƙare. Gwaggo ta rage kayan, amma ba ta sa musu almakashi ba. Ta bi Yaya har gida da maganar, ta gaya wa mijin Yaya, shi ma ya yi faɗansa. Yaya ta koma shan abin a ɓoye.

Wata safiya tana shanya ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti likita ya ce irin waɗannan abubuwan, wasu akwai sinadarin da ke zaburar da zuciya a cikinsu, ya sa jini ya hau, kuma ba a cika rubuta gaskiyar abin da ke ciki a jikin kwali ba. Ya ce zuciyar Yaya da ƙodarta sun taɓu.

Daga nan jikinta ya kumbura, kumburin ciwo. Babu rigar da ke shiga. Gwaggo ta zo ta kwashe kayan, ta farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ta saki rarar nan da ta bari. Da kanta ta sa wa Yaya riga a kan gadon asibiti. Yaya ta shafa gefen rigar, ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Gwaggo, kin ce dama jiki zai dawo." Gwaggo ta juya fuskarta bango.

Yaya ta rasu kafin jaririnta ya fara tafiya.

Tun daga lokacin, duk wadda ta kawo kaya a rage mata da yawa, sai ta amsa tambayar nan kafin keke ya motsa. Wasu sun kwashe kayansu cikin fushi, sun ce tana da shisshigi. Mai wankin kai ta shaida mini cewa da idonta ta ga Gwaggo ta kulle shago da rana tsaka, ta riƙe hannun wata malamar makaranta har asibiti. Malamar tana nan da ranta, tana koyarwa.

Gwaggo, ke ce mai kunne a tafin hannu. Ke ce kika ji zuciyar Yaya lokacin da kowa ƙugunta yake kallo. Na san har yau kina cewa da kin ƙara matsa mata. Kin yi iyakar yinki, mu shaida ne. Mun gode. Allah ya haskaka miki ido, ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu aikin da ke kai hannunku jikin mutane, teloli da masu kitso da masu wankin kai, ku yi koyi da ita. Idan kun ga mace na zubewa da sauri, kafin ku ce ta yi kyau, ku tambaye ta me take sha.

Ranar da aka fitar da keken na je na taya Gwaggo haɗa kaya. Ta ce, "Ba ɗinkin nake ji ba. Wa zai riƙa tambayarsu?" Sai na gaya mata na ga koren kwalin nan a tagar Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu.

"Kin yi mata magana?"

"Nauyinta nake ji, Gwaggo. Ta girme ni."

Ta cire tef ɗin daga wuyanta ta rataya mini. "Tafi da nauyin naki. Ba sai kin ajiye shi ba."

Washegari da safe na tsaya a ƙofar Maman 'Yan Biyu, na yi sallama. Ta fito da kofi a hannu, tururi na tashi.

"A'a, yau 'yar shiru-shiru ce da kanta? Lafiya?"

Na ce, "Anti, don Allah ki ajiye kofin nan tukuna. Me kike sha?"