Damin Geron da Muka Ɓoye

Kowa a ƙauyenmu cewa yake malamin jami'ar nan ƙarya ya wallafa a mujallar bincike, da ya ce geronmu ba ya auki. Mu muka yi ƙaryar.

Ni na raka shi gida-gida da kakar nan, ina rubuta amsoshi, muna ɓarar gyaɗa a gindin rumbu. Har yau ina kewar kwanakin. Amma wa zai gaya wa baƙo yawan daminsa? Ana tsoron bakin mutane. Baba ma rabin daminsa ya faɗa, ya harare ni, na rubuta.

Bawan Allah ya yarda da mu, ya sa sunansa a kan binciken. Gobe zan kira shi ya aika wa mujallar gyara, ko da Baba zai yi faɗa.