Gardamar Libarba a Hawa na Tara

Mu uku ne a filat ɗin, hawa na tara a unguwar Al Nahda ta Dubai, inda in ka leƙa ta taga kana hango cunkoson masu komawa Sharjah. Ni ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti. Babbanmu mutumin Kano ne, aikinsa gyaran lif, Injiniya muke ce masa. Na ukun yana aikin kago, wato tura kaya zuwa gida, a wani sito a Al Qusais. Mahaifinsa tsohon sufeton 'yan sanda ne a Gusau, kuma da yake ba ya iya shanye kofin shayi bai ambaci hakan ba, sai muka laƙaba masa Ɗan Sufeto. Bai taɓa jin haushi ba. Daɗi ma yake ji.

Su biyun nan masana bindiga ne, amma a waya. Injiniya bai taɓa riƙe abin da ya wuce danƙon harbin tsuntsu ba. Ɗan Sufeto kuwa iyakarsa ganin libarbar mahaifinsa a ƙugu lokacin yana yaro, wato ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi shida da ke juyawa. Amma in suka zauna kallon bidiyon Turawa masu harbe kankana, sai ka rantse su suka horar da sojojin duniya.

A farkon shekarar korona wani kamfani a Amurka ya dawo da ƙera wata tsohuwar libarba da ya daɗe da dainawa. Labarin bai shafi kowa a Al Nahda ba, sai gidanmu. Ba a jima ba aka kulle gari, ko kanti za ka sai ka nemi izini ta waya. Ni ina fita saboda aikin asibiti. Su kuwa suna ɗaki, ba abin yi sai girki da gardama.

Injiniya yana bayan sabuwar. Wai injin zamani ne ya yanka ƙarfenta, ba kuskure ko na gashi ɗaya. Ɗan Sufeto ya ce sabuwar ƙyalli kawai gare ta, kamar kwanon jeren amarya. Tsohuwar ita ce bindiga, baƙa wuluk mai ɗaukar ido, tsofaffin maƙera suka goge ta da hannu.

Wata rana na dawo da la'asar na tarar da su tsaye a falo, kowa riƙe da robar fesa maganin goge gilashi.

"Zo ka raba mu, likita," in ji Injiniya. Sun san ni ba likita ba ne, sai in suna neman shaida suke ba ni muƙamin. "Ja kunamar wannan. Ka ji yadda take tafiya sumul? To haka ta sabuwar take."

"Wa ya gaya maka?" in ji Ɗan Sufeto. "Injiniya, da girmanka. Ni da na tashi na ga abar nan a gidanmu? Irinta ce sak a ƙugun Baba. In ya ja kunamar nan, ko man shanu albarka."

"Ka taɓa ja?" in ji Injiniya.

"Na taɓa ganin an ja."

Na karɓi robar na fesa wa tebur na goge, tun da dai an riga an ɗauko ta.

Haka muka yi wata biyu. Sun yi gardama a kan katakon mariƙi, sun yi a kan nauyi, har Injiniya ya ɗauko ma'aunin kicin ya auna gwangwanin wake biyu ya ce in riƙe in ji. Akwai ranar da suka daina gaisawa daga asuba zuwa azahar saboda wani ɗan ƙaramin sukuru da ɗaya ya ce yana kwancewa, ɗaya ya ce sharrin maƙiya ne.

Da aka buɗe gari, ni na kawo shawarar mu je wurin koyon harbi. Akwai irinsu a ƙasar, da izinin hukuma, ka nuna katin zama a ba ka malami. Na yi haka ne don in samu lafiyar kunnena. Dukansu suka ce to, amma na lura ba wanda ya yi murna.

Muka je ranar Asabar da hantsi. Da aka tambaye mu wace iri muke so, Ɗan Sufeto ya gyara tsayuwa ya faɗi sunan libarbar. Ba su da ita, ba sabuwar ba tsohuwar. Suna dai da wata libarba, ita ma mai shida. Malamar da aka haɗa mu da ita 'yar Filifin ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta raba mana abin toshe kunne da tabarau, ta yi mana bayani kamar tana koya wa yara riƙe cokali.

Injiniya ne farko. Ya tsaya irin tsayuwar da ya gani a bidiyo, ƙafafu a ware kamar mai shirin ɗaukar buhu. Ya ja. Ƙarar ta doki ƙirjina duk da abin kunne. Ya juyo yana ƙifta ido.

"Ta samu?"

"Habibi, ka buɗe idonka tukuna," in ji malamar.

Ya ƙarasa shidansa, takardar da aka rataya masa ta dawo fes, kana iya rubuta wasiƙa a kanta. Ya ce saitin bindigar ne ya karkace. Malamar ta karɓa ta sake ɗura harsashi ta harba biyu, duk a tsakiya, ta ajiye.

Ni na samu biyu a can gefe, kuma gaskiya ba can nake auna ba.

Sai Ɗan Sufeto. Ya ɗauki bindigar, gumi na tsiyaya duk da sanyin wurin. Ya yi bisimilla sau uku. Ya harba ɗaya, bindigar ta shure shi, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Na ji abin da nake son ji. Ba ta kai tsohuwar ba."

Da muka dawo gida ya shige ɗaki da takardarsa. Na shiga ɗaukar caja sai na same shi a durƙushe, ya shimfiɗa ta a kan katifa yana huda tsakiyarta da biro. Ramuka biyar ya yi, a jere, kyawawa.

"Baba kawai zan tura wa," ya ce. "Tsoho ne, ya ji daɗi."

Ya ɗauki hoto ya tura. Ko minti goma ba a yi ba waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Muka taru a kansa don mu gaida tsoho. Yana zaune a ƙofar gida a kan kujerar roba, ya kawo wayar dab da hancinsa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya sa mana albarka. Sannan ya ce da ɗansa:

"Na ga hoto. Harsashin Dubai har da tawada yake zuwa?"

Ashe kowane rami da ɗan shuɗin biro a bakinsa. Injiniya ya zame ƙasa yana riƙe ciki don dariya.

"Shekara talatin ina duba takardun ƙarya," in ji tsohon, "sai naka ne zai wuce ni?"

Da Injiniya ya samu numfashi, sai ya ga dama ta samu. Ya matso ya russuna wa waya.

"Baba, don Allah a raba mana gardama. Libarbar da kuka riƙe, da sabuwar da aka fito da ita yanzu, wacce ta fi?"

"Wace sabuwa?"

Aka yi masa bayani, har da sunan kamfani. Ya ce shi bai san wannan ba. Tasa dai ta gwamnati ce, lamba ce a jikinta, kuma ya sa hannu ya mayar ranar da ya yi ritaya.

"Amma Baba, kunamarta fa?" in ji Ɗan Sufeto, murya ta yi ƙasa. "Ba laushi gare ta ba?"

"Ina na sani? Bayan horo sau ɗaya na harba ta. Mahaukacin kare ne ya shigo bariki. Na auna shi na samu randar matar saje. Karen da kansa ya gaji ya fita. Nauyi ne da ita kamar dutsen niƙa, ta ci mini ƙugu. Yawancin ranaku a ma'aji nake barinta, in zuba goro a kubenta."

Ɗan Sufeto ya naɗe takardarsa ya ajiye gefe. Na ɗan tausaya masa, don na san tun yana yaro yake kallon kuben nan da girma.

Tsohon bai ma lura ba. Ya ce a miƙa wayar ga "wannan na asibitin". Na karɓa na sake gaishe shi.

"Yauwa, ɗana. Kai da alama kana da hankali. Man shafawar nan na gwiwa mai zafi, ana samunsa a nan wurinku?"

Na ce ana samu.

"To a sako mini guda biyu a kayan da za a turo. Kuma ka riƙa sa ido a kan waɗannan, kada su harbi kansu."