Ranar da Aka Ɗora Mini Tabarma

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Goggo Laraba, yayar mahaifina, ta naɗe jiƙaƙƙiyar tabarmata ta ɗora mini a ka. Hantsi ya fito, matan gida na surfe, ta leƙa ƙofa ta kira yaran lungunmu na Ƙofar Wambai. Kafin ka ce me sun cika tsakar gida da gwangwanaye da murafen tukwane. Haka ake yi wa mai fitsarin kwance a lokacin: a zagaya da shi unguwa ana kaɗa masa, ana kiransa amalala. Ni fa ba ƙaramar yarinya ba ce, har goyon ƙanina nake yi. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji wuyana ya yi nauyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da can ba na yi. Muna zaune kusa da Shadawanka a ɗakunanmu na haya, Baba yana tuƙa motar wani kamfani, yana dawo mana da rake da yamma. Sai kamfanin ya rufe. Muka tattaro komatsanmu muka dawo gidan gado, aka ba mu ɗaki ɗaya kusa da madafa, muna ci daga tukunyar Baffa, yayan Baba. Inna ta daina dariya, ta koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Baba kuwa ya koma zaman zaure, yana murɗa rediyon da ba batir. Ba wanda ya yi mini bayanin komai, amma ina jin komai. A nan ciwon cikin safe ya same ni, a nan kuma fitsarin ya fara. Na daina shan ruwa tun la'asar, na sha rubutu har ya ishe ni, ina! A makaranta na koma bencin baya, ina ta sunsuna rigata a ɓoye, na bar ɗaga hannu, na bar 'yar gala-gala, ni da ba a taɓa cinye ni ba.

Goggo ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Ta yarda da abin da ta gada ne. "Iskanci ne da lalaci," in ji ta, "kunya ce kawai maganinsa." Ni dai abu ɗaya na riƙe a raina: dole a bi da ni ta zaure, kuma Baba yana zaure. Na tabbata zai miƙe ya daka tsawa, yara su watse. Muka iso, gwangwanaye na tashi, ruwan tabarma na bin bayan kunnena. Na tsaya a gabansa na ce, "Baba." Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Goggo, sai ya sunkuyar da kai yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi. Aka tura ni waje. Ban ma san lungu nawa muka bi ba, don ba ihun yaran nake ji ba.

Washegari Baba ya ɗauke ni a kan keken aro zuwa Miri, can bayan gari, inda ya fara noman ƙwadago a gonar wani abokinsa. Ina bayansa, na ƙi riƙe rigarsa. Sai da muka bar gari ya yi magana, bai ko waiwayo ba: "Uwata, ki yi haƙuri. A gidan nan ba ni da baki." Ban amsa ba. Na yi fushi da shi shekara da shekaru, ko bayan da muka sami ɗakinmu a Miri da kaka, fitsarin ya tsaya da kansa ba magani.

Yanzu ana ta bayani a rediyo cewa damuwar gida tana sauka a jikin yaro, kuma ban ƙara ganin an kaɗa wa kowa gwangwani ba. Na gode Allah. Amma Baba ya rasu kafin in yi hankalin da zan amsa masa maganar nan ta kan keke. Na daɗe ina tsammanin ni kaɗai aka kunyata ran nan. Ashe mu biyu ne.