Kunyar Surukai a Gaban Farantin Taliya

'Yata ta fari ce ta zaɓi wurin, kuma ta kafe a kai. A Birmingham aka haife ta, a unguwar Small Heath ta girma, da ta gama karatun haɗa magunguna sai ta sami aiki a Manchester. Can ta haɗu da wani saurayi ɗan Katsina da ya zo yin digiri na uku, yanzu kuma so take mahaifinta ya gan shi. A gida ba haka ake yi ba, manya ake turowa. To amma manyan yaron suna Katsina, ita kuwa yarinyar nan in ta sa abu a ranta sai dai a bi ta a hankali.

"Mama, lunch ne kawai," in ji ta a waya. "Amma wallahi in Baba ya wulaƙanta shi, I'm done. Ba zan ƙara kawo masa kowa ba, Sallah ma a nan zan riƙa yi."

Na san ba cika baki take yi ba. Zuciyar ubanta ta ɗauko kaf, kuma sun taɓa yin watanni suna gaisuwar sama-sama a kan abin da bai kai wannan ba. Tsoro ya kama ni sosai, don ban shirya rasa 'ya a kan cin abincin rana ba.

Maigidana ya yi mita tun daga tasha har muka sauka a Manchester. Wai shi da girmansa a ɗora shi a jirgin ƙasa don ya je cin taliya, abin da uwarsa ke murzawa a tsakar gida ta shanya a igiya. Ko karin kumallo ban yi ba ranar, don yarinyar ta daɗe tana kwarzanta min abincin wurin, ta kuma tabbatar min ta yi musu waya: ba alade, ba giya a miya, kifi da ganye kawai za a kawo mana.

Gidan abincin na Italiyawa ne, irin wanda ake girka abincin kaka amma a yi masa kwalliyar zamani. Muna shiga yaron ya miƙe, dogo, siriri, da hularsa. Ya zagayo ya durƙusa har ƙasa gaban maigidana yana gaishe shi. Matar da ke hidimar teburinmu, wata dattijuwa mai fara'a, ta ɗauka wani abu ya faɗi, ta sunkuya tana taya shi dubawa a ƙarƙashin kujera. Na danne dariyata da gefen mayafi. Na kuma lura fuskar maigidana ta ɗan saki, abin da ba kasafai take yi a gaban baƙo ba.

Aka kawo burodi mai ɗumi da man zaitun. Bayan shi sai ga taliya an naɗe kabewa a cikinta, 'yan ƙwayoyi ƙalilan a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, an ɗora musu wata farar kumfa da furen da aka ce shi ma ci ake yi. Ƙamshin man shanu da cuku ya doki hancina, cikina ya amsa. Na ɗauki cokali mai yatsu. Ina ɗaga ido sai na ga yaron ya sunkuyar da kai, hannuwansa biyu a kan cinya. Na dubi maigidana, shi ma ya harɗe hannu yana nazarin bango. Sai na ji cokalin ya yi min nauyi, na ajiye shi a hankali.

Mun koya wa yarinyar nan gaisuwa da salla da tuƙa tuwo, har ubanta na alfahari a masallaci cewa 'ya'yansa ba su ɓace ba. Amma babu wanda ya taɓa tuna ya gaya mata suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. A ina ma za ta gani? Kakanninta a waya ta san su.

"Baba, ci mana," ta ce.

"Na ƙoshi, alhamdu lillahi."

Ta juya ga saurayin. "Kai fa?"

"Na ɗan taɓa wani abu kafin in fito," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

"Ƙarya ne! Kai ka ce min you're starving." Ta dube ni. "Mama, har da ke?"

Na ce ruwa ya ishe ni, ni da yunwa ke neman kayar da ni daga kujera.

Aka kwashe farantan yadda aka kawo su, ban da na 'yata. Aka kawo shinkafa mai danƙo da jatan lande, ita ma ta huce a gabanmu. Mazan biyu kuwa hira suke yi a mutunce: daminar Katsina, sanyin ƙasar nan, wane ne limamin unguwarsu. Mai hidimar ta zo ta tambaya ko lafiya, ta koma, ta sake dawowa. Can sai ga kukun da kansa, wani tsoho da gari a gaban rigarsa, ransa a ɓace. Ya ce girkin kakarsa ne, shi dai ya ƙara masa kumfa, in akwai abin da bai yi ba a faɗa masa. Maigidana ya gyara zama ya yi masa jawabi da Turancinsa na ofis, ya yaba gishirin, ya yaba laushin taliyar, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Wannan na ƙarshen kam gaskiya ya faɗa, gani ya yi. Tsohon ya dubi farantin da ko cokali bai taɓa ba, ya dubi mai yabon, ya tafi yana magana da yarensu.

A nan idon 'yata ya cika. Ta ture kujera ta nufi wajen wanke hannu, na bi ta.

"Kin gani ko?" ta ce. "Ya ƙi shi. Ko abinci ba zai ci da shi ba. Shi kuma ya tsorata, ya kasa ko motsi. It's humiliating, Mama."

Haushi ya kama ni, na yunwa da na ganin mai digiri ta kasa karanta abin da ke gabanta.

"Ke, saurara. Da ubanki ya ɗauki cokali ya ci ya ƙoshi, to baƙo ya ɗauke shi, irin wanda ake sallama a manta. Mutum ba ya jin kunyar wanda ba nasa ba. Shi ma yaron ya gane, shi ya sa kika ga hankalinsa a kwance."

Ta tsaya tana kallona. "So yunwar ce amsar?"

"Ita ce."

Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta goge. Har mun juya sai ta riƙo hannuna.

"To yaushe za su fara ci tare?"

Na ce mata ni dai har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa ganin ubanta ya kai loma baki a gabansa ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Muka koma tebur.

An zuba mana abincin, har da taliyar da aka kwashe, a 'yan kwalaye. Jirgi bai gama fita daga Manchester ba maigidana ya buɗe nasa, ya sa hannu, kumfar ta riga ta zama ruwa. Ya cinye tas, ya leƙa nawa, na janye.

"Yaron nan ɗan mutunci ne," ya ce yana lashe yatsa. "A ce wa mutanensa su turo."

Sun turo, an ɗaura aure, kuma ban taɓa ganin surukai masu ƙaunar juna kamar mutanen nan biyu ba. Kullum suna waya. In an zo cin abinci ne dai kowa ke kama gabansa. Gidanmu irin na Small Heath ne, ɗan siriri, falo a gaba, kicin a baya, da wani lungu a tsakani. Ranar Sallah nakan kai wa maigidana nasa falo, in ajiye wa surukina nasa a kicin in ja masa ƙofa, ni kuma in hau sama da nawa. Bara na sauko ɗaukar ruwa sai na tarar da 'yata a lungun, ta jingina da bango, faranti a hannu, tana ci a tsaye ita kaɗai.