Kiran ƙanena daga ƙasar Larabawa

Shekarun baya, ƙanena yana karatun aikin jinya a wata ƙasar Larabawa da ke arewacin Afirka, ni kuma ina ɗinki a shagona a nan unguwar Briqueterie. Wata rana da hantsi ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce mai gidan da suke haya ya watso musu kaya waje, shi da sauran baƙar fata, samarin unguwa kuma suna bin su da jifa.

Na ce ya nuna musu takardunsa mana, ai shi ɗalibi ne.

"Yaya, ba takarda suke dubawa ba," in ji shi. "Fata suke dubawa."

Sai layin ya yanke. Na yi ta kira, waya a kashe.

Na yanke shawarar ɓoye wa mahaifiyata saboda hawan jininta. Ni da nake ganin na iya ɓoye damuwa, a makon nan na ɗinke wa wani alhaji bakin aljihu gaba ɗaya. Duk ƙarar waya, ko ta maƙwabci ce, sai na zabura na duba tawa. Abinci ya ƙi shiga. Da mahaifiyata ta tambaye ni labarinsa, na ce jarrabawa ce ta sha masa kai. Ta dube ni ta ce ita ta haife ni, in faɗa mata gaskiya. Da na faɗa, ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni ko ba sahu ɗaya yake sallah da Larabawan nan ba.

Ana nan sai ga kira daga baƙuwar lamba. Shi ne, ya ari wayar wani ɗan Senegal. An fasa masa goshi, an ƙwace wayarsa, shi da sauran 'yan ƙasarmu suna kwana a ƙofar ambasad ɗinmu, wato ofishin jakadanci, suna jiran jirgi.

Ya dawo ba tare da ya kammala karatu ba. Da na tarbo shi muka shiga taksi za mu gida, aka cusa mu mu huɗu a baya, wata mata har ta ɗora masa jakarta a cinya. Na juya zan ba shi haƙuri, sai na ga yana hawaye. Ya ce rabonsa da ya zauna a mota wani bai matsa gefe ko ya toshe hanci ba, har ya manta.

Yanzu yana aiki a wani kantin magani a unguwar Etoudi, ya yi aure. Amma har yau in na kira shi bai ɗauka ba, sai na kashe keken ɗinki na zauna riƙe da waya.