Wasan Bashir Mai Kora Mutane Salla

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi abokina Bashir, shugaban kamfanin wasannin kwamfuta mafi girma a duk Hulme, unguwarmu a nan ƙasar Turawa. Ma'aikatan kamfanin daga shi sai ni. Hedikwatarmu teburin kicin ɗinsa, reshenmu library ɗin unguwa, saboda heater da wifi na kyauta. Da council, wato ƙaramar hukuma, ta tsuke bakin aljihu ta rufe wurin, rabin kamfanin ya rushe.

Wasa uku muka fitar. Na farko dara, 'yan gidansu kaɗai suka sauke. Na biyu dambe, in ka danna hagu ɗan damben ya sharara wa kansa naushi. Na uku Langa, kuma wallahi ya yi kyau. Sai dai Bashir ya kafa masa doka: lokacin salla na yi, wasa ya tsaya cak, ka ji muryarsa, "Malam, ajiye! Je ka yi salla, ba guduwa za mu yi ba." Turawa suka yi ta rubuto mana wai abin ya lalace. Na ce ya cire, ya ce sai dai a cire ni.

Da ya rasu, shafinmu na intanet ya bi shi. Kwafin Langa ɗaya da ya rage yana cikin tsohuwar laptop ɗinsa, matarsa Hadiza kuma ta haɗa da bargo da tukwane ta ba wani sabon ɗalibi sadaka. Bashir ya tsani voice note, ba ya tsaya wa bidiyo. Muryarsa ba ta ko'ina sai cikin Langa. Bara Hadiza ta ce min ta fara manta sautinsa. Ranar na fara cigiyar laptop ɗin.

To kun san ɗalibanmu, mai gama jami'a ba ya zubar da ko cokali, sabon zuwa yake gadar wa. Haka na bi sawunta hannu zuwa hannu, daga Hulme zuwa Edgbaston. Bana na cim mata a Erdington, a flat ɗin wani mai PhD, Sagir, an tokare murfinta da buhun shinkafa. Na tambaye shi ko an goge Langa.

"Haba yallaɓai, wa ya isa? Wanda ya ba ni cewa ya yi in na taɓa bai yafe ba. Ai ladanin flat ɗin nan ke nan."

Na kira Hadiza, na ajiye wayar kusa da sifika, na yi ta buga wasa har la'asar ta yi. Wasa ya tsaya. Bashir ya daka tsawarsa.

"Shi ne," in ji ta, tana dariya tana jan hanci. "Har masifar."

Da yana nan ya ga wasannin yau da ba sa sakin mutum ko ya sha ruwa, da ya cika mana kunne cewa ya riga duniya hankali. Kamfani dai ya mutu, ba mu yi suna ba. Amma mutumin da na yi ta zagi kan ya kashe mana kasuwa, ashe shekara tara yana tashin ɗalibai salla.

Na ajiye, na tafi alwala. Karo na farko ban yi masa gardama ba.